Fibroskopi a Maradi: aikin ya ci kuɗinsa, in har an tsakuro nama

A gidan da kansar maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi daga wuya zuwa tumbi, ta shiga, moɗar ruwa ce take fara tona asiri. Dattijon da a da yake share malmalar tuwon hatsi kafin ya nemi ruwa, sai a ga ya jawo moɗa kusa da akushi, kowace loma sai ya kora. Bayan wata biyu ya bar tsire, ya ce haƙora ne. Daga nan tuwon ma ya gagara, ya koma fura mai ruwa-ruwa da kunu, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Duk tsawon wannan lokaci sunan ciwon a gida "olsa", maganinsa kuma omeprazol da jiƙon kanwa. Alhali gwajin da zai raba gardama cikin minti goma yana nan a garin Maradi, wato fibroskopi, abin da mutane ke kira zura tiyo ko kyamarar ciki.

Hukuncinmu a kan wannan hidima ba mai tsawo ba ne. A duk gwaje-gwajen da ake yi wa mai ciwon ciki, babu wanda ya kai ta amfani. Amma ba kowace fibroskopi ce fibroskopi ba. Wadda aka leƙa aka fito a guje, ba a tsakuro nama ba, ko aka tsakuro ya ƙare a aljihun ɗan rakiya, rabin aiki ce da cikakken kuɗi. Ba mu ambaci sunan asibiti ko kilinik ba, domin likitoci suna sauya wuri, na'urori suna lalacewa ana gyarawa. Abin da ba ya sauyawa shi ne ma'aunin da za ku auna wurin da shi.

Na'urar tiyo ce mai laushi, kaurinta milimita 9 zuwa 10, kamar ƙaramin yatsa, tsawon da ke shiga jiki ya ɗan haura mita ɗaya. A bakinta akwai fitila da kyamara, da ƴar kafa da ake tsotse ruwa ta cikinta, ake kuma zura siririn hantsaki. A jikinta an yi zane-zanen santimita, ana ƙirgawa daga haƙoran gaba: maƙoshi yana farawa wajen 15, ya haɗu da tumbi wajen 40. Ku riƙe waɗannan lambobi, za su dawo a takardar sakamako.

Shiri yana farawa tun daren jiya. Awa 6 aƙalla babu abinci. Ruwa zalla akan yarda da shi har zuwa awa 2 kafin a shiga, sai in wurin ya ce a'a. Fura da koko da madara abinci ne, ba ruwa ba, kuma a nan ne mutanen Dakwaro da Tasawa da Mayahi suka fi faɗawa: an yi sammako da yunwa, an sauka tasha, sai a ce "Baba, ɗan kurɓi shayi da madara ka samu ƙarfi". Wannan kofin ya soke gwajin ranar. Tumbin da ke da abinci ba ya ganuwa, kuma in amai ya taso maƙogwaro a daskare, yana iya faɗawa huhu. Goro ma a ajiye shi, ɓarɓashinsa yana manne wa bangon tumbi. Wanda yake aman abincin jiya ko na shekaranjiya ya faɗa tun ranar karɓar layi, domin alama ce ƙofar fita daga tumbi ta toshe, awa 6 ba za ta ishe shi ba. Mai ciwon sukari a ba shi layin farko, ya kuma tambayi yadda zai yi da ƙwayarsa ko insulin na safe. Mai shan maganin tsinka jini ya zo da kwalinsa a hannu, kada ya daina da kansa. Haƙoran roba a cire.

Akwai shirin da ba kasafai ake faɗa wa mutane ba. Omeprazol da danginsa suna iya sa fatar gyambo ta rufe ta sama alhali kansa tana ƙasa, suna kuma rage ƙwayar cutar Helicobacter pylori, mai zama a tumbi tana jawo gyambo, har gwaji ya kasa kama ta. Ƙa'ida ita ce a dakatar da su mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Wurin da ya tambaye ku "wane magani kake sha?" tun ranar farko ya ci maki. Sai dai wanda abinci ke tsaya masa, ko yake aman jini, ba a jinkirta shi don wannan ƙa'ida.

A cikin ɗakin, ana fesa lidokayin a maƙogwaro, mai ɗaci, ya sa wurin ya yi nauyi kamar ya kumbura. Mutum ya kwanta ta gefen hagu, a sa masa ƴar roba mai rami tsakanin haƙora. Minti na farko shi ne mai wuya: kakari, hawaye, hannu yana neman cafke tiyo. Nan ake gane malamin asibitin da ya san aikinsa. Yana tsaye ta wajen kai, tafinsa a kafaɗa, yana magana ba tsayawa: "Inna, haɗiye sau ɗaya. Yauwa, ta wuce. Ja numfashi ta hanci. Bar miyau ya zuba, kada ki haɗiye." Tiyon hanyar abinci yake bi, hanyar iska a buɗe take, mutum ba zai shaƙe ba ko da ya ji kamar haka. Gyatsa za ta yi ta zuwa saboda iskar da ake hurawa don tumbi ya buɗe, ba abin kunya ba ne. Yawancin manya suna jurewa da feshin kaɗai. Allurar barci, midazolam ko propofol, tana ƙara kuɗi, kuma ba a yarda a yi ta sai da abin auna iskar jini a yatsa, da tulun oksijin a kusa, da mutum guda da aikinsa kawai kallon numfashi. Amma ga wanda tsoro zai sa ya yi ta fizge-fizge har likita ya fito ba shiri, gara a biya barcin. Ranar kuwa ba tuƙin babur, ba sa hannu a ciniki.

Yanzu ga inda wurare suke bambanta. Na farko lokaci. Ƙungiyar masu wannan aiki ta Turai ta sa minti 7 a matsayin mafi ƙarancin lokacin dubawa, daga shiga zuwa fita. Dalili shi ne kansar tumbi a farkonta ba ƙari ba ce mai tsayawa a gaban kyamara, ɗan sauyin launi ne ko ɗan lotsawa da ke ɓuya tsakanin naɗe-naɗen tumbi ko ƙarƙashin kumfa. Sai an hura iska naɗin ya baje, an wanke kumfa, an lanƙwasa kan tiyon ya waiwayo ya kalli ƙofar shiga ta baya, sannan a ce an duba. Ɗan rakiya ya dubi agogo. In an shiga an fito kafin ya gama gaisawa da na kusa da shi a benci, akwai tambaya.

Na biyu, kuma shi ne zuciyar maganar, biyopsi, wato tsakuro nama a kai awo. Ido ba ya yanke hukuncin cewa kansa ce, komai ƙwarewar mai idon. Hantsakin yana tsakuro nama kamar ƙwayar hatsi, milimita 2 zuwa 3, kuma ba a jin zafi, domin fatar ciki ba ta jin yanka irin ta waje. Inda ake zargin kansa ana son gutsure 6 aƙalla, daga gefen gyambon, saboda tsakiyarsa mataccen nama ne da ba ya nuna komai a madubin awo. Gutsure ɗaya ko biyu su ne ke haifar da takardar nan mai ruɗarwa da ke cewa kumburi ne kawai, alhali mutum yana ci gaba da ramewa. In abin da likita ya gani da abin da takarda ta ce sun saɓa, a maimaita, kada a yi murna. Akwai ma wata irin kansa da ke bin cikin bangon tumbi ta sandarar da shi kamar salkar da ta bushe, sama lafiya lau, sai dai tumbin ya ƙi buɗewa in an hura iska. Ita biyopsin sama yakan kuskure ta.

Kalmar "olsa" ita kanta tana buƙatar a tsage ta biyu. Gyambon da ke farkon ƙaramin hanji, bayan an fita daga tumbi, da wuya ƙwarai ya zama kansa. Gyambon da ke cikin tumbi kuwa, kowanne sai an tsakure shi, sannan a sake leƙawa bayan mako 6 zuwa 8 na magani a tabbatar ya rufe. Don haka in aka ce muku olsa ce, tambayar farko: a ina take zaune? Ko babu gyambo, likita mai lura yakan ɗauki gutsure 5 daga sassan tumbi don neman Helicobacter da ganin ko fatar ta fara siracewa.

Daga nan sai ƴar kwalba, wadda a cikinta ne aiki mai kyau yake yawan mutuwa. Naman yana shiga ruwan formol mai kashi 10 cikin 100 nan take, ruwan ya ninka naman sau goma aƙalla. Ba alkol ba, ba ruwan gishirin da ake ƙarawa a jijiya ba, ba a kan busasshiyar auduga ba. Wanda aka ɗauko daga maƙoshi da na tumbi kwalba daban-daban. A jikin kwalbar, ba a murfi ba, a rubuta suna da kwanan wata da wurin da aka tsakuro, domin murfi yana iya musanyuwa. Takardar rakiya ta bi ta, ɗauke da abin da likita ya gani. Kada a daskarar da ita a firiza, kada kuma a bar ta a gaban gilashin mota cikin ranar watan Afrilu. Kafin ku bar wurin ku samu amsar abu huɗu: wane ɗakin anapat (ɗakin awon nama) za ta, wa zai kai ta, kwana nawa, wa zai kira wa. In Yamai za ta, tafiyar ta haura kilomita 600, a naɗe murfin da salatif, a karɓi lambar wanda zai amsa a can. Wurin da ya ɗauki wannan jigila a wuyansa ya fi wanda ya miƙa wa iyali kwalba ya ce Allah ya kiyaye hanya, ko da ya fi tsada.

Maganar kuɗi ma a nan take cizo. Kuɗin ganin likita daban, na fibroskopi daban, na biyopsi daban, na anapat da aikawa daban, barci in an so shi ma daban. Iyali su sayar da tunkiya su zo da kuɗin abu na biyu kaɗai, sai a fito da kwalba a ce saura na awo, aljihu ya riga ya bushe. Ku nemi a rubuta muku jimillar duka tun ranar karɓar layi. In kuɗin bai kai ba, gara a ƙara kwana uku a haɗa, da a zura tiyo sau biyu.

Takardar sakamako ta gari tana faɗin inda tiyon ya kai, da santimitar da abin yake daga haƙora, da tsawonsa, da ko tiyon ya iya wuce shi, da yawan gutsuren da aka ɗauka. Hoto ya biyo, ko da da wayar ɗan rakiya aka ɗauka daga allon. Likitan tiyata da zai karanta a Yamai ko Kano bai ga cikin ba, kuma ƙari a santimita 22 da ƙari a 38 aikinsu ba ɗaya ba ne. Layi biyu da hatimi ba sakamako ba ne.

Tsabta ba a ganinta daga benci, amma ana iya lissafa ta. Bayan kowane mutum sai an gwada ko tiyon bai huje ba, an wanke shi da sabulu na musamman, an bi kafarsa da buroshi, an jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyi, in glutaraldehid mai kashi 2 ne wajen minti 20, an ɗauraye, an busar. Duka ba ya kasa rabin awa. Wurin da ke da tiyo ɗaya, amma mutane suna shiga suna fita duk minti goma, wani mataki ya faɗi a hanya. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar Nijar, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hantsaki kuwa ko sabo a leda, ko wanda aka dafa a tukunyar tururi. Tambayar "tiyo nawa gare ku?" ba rashin kunya ba ce, haka ma "in wuta ta ɗauke akwai inji?"

Bayan an fito, awa ɗaya ba ci ba sha, har maƙogwaro ya saki. Kaikayin wuya na yini ɗaya ba komai. Ciwon ƙirji mai tsanani, zazzaɓi, aman jini ko kumburin wuya, a koma a daren, domin hujewa ba ta cika faruwa ba amma ba ta jiran safiya.

Mutane da yawa suna zuwa da damin takardu suna cewa an riga an duba. Eko, hoton da ake goga na'ura a kan ciki, tana ganin hanta da matsarmama da ruwan ciki, ba ta ganin fatar tumbi, iska tana tare ta. Eko mai kyau ba ta wanke kowa daga kansar tumbi ba. Hoton da ake sha farin ruwa a ɗauka yana nuna inda hanya ta tsuke, amma ba ya tsakuro nama. Gwajin jini na Helicobacter kuwa yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, yakan ci gaba da nunawa bayan an warke, shi ya sa ake ganin wanda ya sha maganinta sau uku a kan takarda iri ɗaya. Na bayan gida ko na numfashi ne ke faɗin tana nan yanzu ko babu.

To wa ya kamata ya je? Ba duk mai ƙwannafi ba. Saurayi ɗan shekara 25 da zafin ciki bayan yaji, ba rama ba amai, gwajin Helicobacter da magani sun ishe shi a karon farko. Amma abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, wannan ko kwana ɗaya bai cancanci jira ba, a kowace shekara. Maƙoshi yana da haƙuri, yana miƙewa, mutum ba ya fara jin tsayawar loma sai hanyar ta tsuke ta koma wajen milimita 13, ma'ana ciwon ya daɗe yana aiki. Haka rama ba dalili, ƙoshi bayan loma uku, amai mai naci, baƙin kashi kamar kwalta, ƙarancin jini ga namiji ko matar da ta daina al'ada, ƙullutu a saman cibiya, ko kaluluwa mai tauri a ramin wuya ta hagu. Haka wanda ya kai shekara 45 zuwa 50 ciwon ciki ya fara masa sabo, da wanda uwa, uba ko ɗan'uwa na jini ya yi kansar tumbi.

Ba ciwon wasa ba ne: a ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa, a 2022 kansar tumbi ta kama mutum kusan 970,000, ta kashe wajen 660,000, ta maƙoshi ta kama kimanin 510,000, ta kashe wajen 445,000. Kusancin lambobin nan na ƙarshe yana faɗin yadda ake makara. Koriya ta Kudu tana yi wa duk wanda ya kai 40 gwaji duk shekara biyu, shi ya sa suke kama ta tana ƙarama.

A Afirka nau'in kansar maƙoshi da ya fi yawa shi ne mai tasowa daga fatar hanyar kanta, kuma manyan masu hura masa wuta taba ce da giya, in suka haɗu haɗarin ninkuwa yake, ba ƙaruwa ba. Taba a nan har da ta gari da ake dasawa a leɓe. Sai zafi: a 2016 waccan hukuma ta sa abin sha da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta. Laifin ba na ganyen shayi ba ne, na ƙuna ne, kuma duk wanda ya zauna a fada ya san yadda ake ɗauke ƙaramin kofi daga bakin buta a zuƙe kafin kumfa ta kwanta. Kunu da koko ma haka. A bari ya huce ƴan mintuna, ɗanɗanon bai gudu ba. Akwai kuma wanda ya taɓa shan sodar haɗa sabulu yana yaro, don an zuba ta a gorar ruwa: tabon da ta bari yana iya juyewa bayan shekaru masu yawa, irinsa ya faɗa wa likita ko ba a tambaye shi ba. Ɗaya nau'in, mai fitowa ta ƙasa kusa da tumbi, ƙwannafin shekaru da teɓa ne ke share masa hanya.

Ita kansar tumbi, babban dalilinta Helicobacter, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, aka sa ta a jerin tabbatattun masu jawo kansa a 1994. Tun yarinta ake ɗaukarta, ta baki, a gida mai cunkoso da ruwan da bai da tsabta. Yawancin manya a nahiyarmu suna ɗauke da ita, kaɗan ne cikinsu za su yi kansa. Gishiri mai yawa yana taya ta, da abincin da aka adana da gishiri, da taba, da ƙarancin ganye da ƴaƴan itace. Mai zaune kusa da garakan Jiratawa bai da uzurin rasa zogale da tumatir da albasa. In biyopsi ta nuna ta, magani huɗu ne tare na kwana 14: omeprazol, amoksisilin giram 1, klaritromisin miligiram 500, metronidazol miligiram 500, kowanne safe da yamma, ko haɗin da ke da bismut. Ɗacin baki da tashin zuciya suna sa mutane su tsaya a kwana na biyar, wannan ne ke koya wa ƙwayar jure magani. Metronidazol ma da ma ta saba da shi, saboda yadda ake sayensa a farantin ƴan talla don kowane gudawa. Mako 4 bayan gamawa a yi gwajin bayan gida a tabbatar ta mutu. Hidimar da ta ba da takardar magani ba ta sa ranar dawowa ba, ta bar aiki a buɗe.

In anapat ta ce kansa ce, aikin fibroskopi ya ƙare, amma alhakin wurin bai ƙare ba. Mataki na gaba sikana ta ƙirji da ciki da mara, da allurar da ke haska jijiyoyi, bayan an auna ƙoda. Ita ke faɗin ko ciwon yana wurinsa, ko ya kai kaluluwa, ko ya tsallaka hanta, huhu ko rigar ciki. A nemi ɗakin awo ya adana dunƙulen kakin da suke saka naman a ciki, domin da shi ake gwajin da ake kira HER2, wanda ke faɗin ko maganin trastuzumab zai yi aiki. Sannan a faɗa wa mai ciwon. Mun san al'ada, ƴaƴa su ja likita gefe su ce kada Baba ya ji. Amma shi za a yanka, shi zai sha shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, shi ke da bashi da wasiyya, kuma yawanci ya riga ya gane.

Kansar tumbi da ba ta bazu ba, tiyata ce maganinta: a cire sashen tumbi ko dukansa tare da kaluluwar kewaye, a ƙirga aƙalla 16 a ɗakin awo. Ga mai ƙarfin jiki ana yin shimiyo zagaye 4 kafin aiki, 4 bayansa, duk mako biyu, haɗin da ake kira FLOT. Ta maƙoshi kuwa gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, da shimiyo ake haɗawa, zama 23 cikin mako biyar sannan tiyata, ko zama 25 zuwa 28 in ba za a yi tiyata ba. Gashi a Nijar Yamai ake yinsa, a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, wadda sashenta na gashi ya buɗe a 2021. Ana yinsa kwana biyar a mako, don haka a lissafa masauki da abinci da ɗan jinya na wata ɗaya da rabi tun kafin a hau mota, domin yankewa a tsakiya yana ɓata abin da aka fara. Masu tsallakawa Katsina ko Kano su tafi da takardun asali da faifan sikana, su nemi a rubuta musu taƙaitaccen bayani da Ingilishi, in ba haka ba za a sa su sake komai.

Kafin duk wannan, abinci. Wanda ya rame ya zama ƙashi ba ya ɗaukar shimiyo, ɗinkin tiyata ma ba ya kama jikinsa. In hanya ta kusa rufewa ana sa ragar ƙarfe mai buɗewa a maƙoshi inda ake da ita, mutum ya koma haɗiya cikin kwana ɗaya ko biyu, abinci mai laushi, a zaune, ana korawa da ruwa don kada ta toshe. In babu, a huda ciki a sa tiyon ciyarwa, aiki ne ƙarami. Kunun gyaɗa da madara da dafaffen ƙwai da mai, a niƙa a tace, a bi da ruwa mai tsabta bayan kowane ci. Ko ciwon ya wuce warkewa, wannan da morfin na sha duk awa 4, tare da maganin sakin ciki, suna mayar wa mutum barcinsa. Diklofenak da ibuprofen na bakin titi a nisance su, su ne ke ɓalle jinin gyambo.

Wanda aka cire wa tumbi duka zai rayu ba tumbi, amma cinsa ya sauya: kaɗan-kaɗan sau shida a yini, ruwa tsakanin ci ba tare da shi ba, sukari da lemun kwalba a rage, domin suna faɗawa hanji a guje su kawo jiri da zufa da bugun zuciya. Ƙarfen jini a riƙa aunawa. Bitamin B12 kuwa tumbi ne ke yin abin da hanji ke kama shi da shi, don haka allura ce har ƙarshen rai, duk wata ɗaya zuwa uku yadda likita ya tsara. Hanta tana da ajiyar da za ta kai ƴan shekaru, shi ya sa ake mantawa, sai a shekara ta uku mutum ya dawo da mutuwar tafin ƙafa da ƙarancin jini, kowa ya zaci kansar ce ta dawo. A rubuta ranar allurar a bangon karnen asibiti, kowane ƙaramin asibitin unguwa (CSI) yana iya yin ta.